Ɗigo Uku a Hoton Malam Ɗalhatu

Shekara goma sha tara muka yi da Malam Ɗalhatu a wani kamfanin jima a Challawa, ni a wajen shanya, shi a kan babban injin wanke fatu. Mutumin Jigawa ne, mai shiru-shiru, ga kuma taurin kai, Allah Ya shirya.

Da ciwon baya ya matsa masa, likita ya sa aka yi masa hoton ƙoda da mafitsara, ya ce ya dawo da shi ranar Litinin. Bai koma ba. A bakin get ya ɗaga hoton ga rana, muka taru a kansa, mu likitocin banza, muka ga fararen ɗigo uku a ƙasan mara. Wani ya ce tsakuwar ƙoda ce, sinadarin jima ya gama da shi. Ni ma na gyaɗa kai, kuma har yau abin yana ci mini rai.

To, a wurinmu akwai al'ada. Wanda ya sauka da kansa yana iya kawo nasa ya gaje shi. Wanda aka sallama don rashin lafiya kuwa, gurbinsa ya tafi har abada. Ɗalhatu ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya kawo ƙanensa Tijjani, ya ce wa shugaban sashe, "Ranka ya daɗe, gajiya kawai na yi."

Ya koma gidansa a Ɗorayi ya kwanta jiran ajali. Ajali bai zo ba. Ciwon bayan ma ya tafi, tunda ya daina ɗaukar jiƙaƙƙun fatu.

Bayan shekara biyu 'yarsa Mas'uda ta tsinci hoton a ƙarƙashin katifa, ta lallaɓa shi zuwa asibiti. Wata likita ta duba, ta sake gwaji, ta ce, "Baba, ku kwantar da hankalinku. Waɗannan ba a hanyar fitsari suke ba. Ɗan jini ne ya daskare a ƙananan jijiyoyi ya taurare. Mutane da yawa na da su, ba sa cutarwa."

"Ke nan ba mutuwa zan yi ba?"

"Ba dai da wannan ba, Baba."

Mas'uda ta yi ta hamdala har suka isa gida.

Bai taɓa neman Tijjani ya mayar masa da gurbinsa ba, don Tijjani mai 'ya'ya biyar ne. Yanzu kullum safiya yana cikin layin masu neman aikin yini a bakin get, a ɗebi masu jini a jika a bar shi. Jiya na tsaya gaishe shi, kunya kamar ta kashe ni. Ya ɗaga hannu, ya kasa kunne ga ƙarar injin daga ciki, sannan ya ce, "Ka gaya wa Tijjani ya rage wa injin nan fatu, don ya cika masa ciki da yawa."