Madubin Bindigar Kawu da Tsohon Littafina

Edita, ina gaisuwa. A lokacin da abin nan ya faru ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Malanville ta ƙasar Benin, na fi shekara ashirin ina riƙe da alli, kuma duk unguwarmu Mushe ake kirana, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, har waɗanda suka goya ni. Iyayenmu daga wajen Kabi suka zo kasuwanci suka zauna. Ni kaɗai aka sa boko a gidan, saboda haka duk takardar Faransanci da ta shigo layinmu, ta duwan ce, wato kwastan, ko ta asibiti, sai ta biyo ta hannuna. Na saba da hakan har na ɗauka duk abin da na iya karantawa na san shi. Mutumin da ya yi shekaru yana tambayar yara abin da ya riga ya san amsarsa, da wuya bakinsa ya iya furta ban sani ba.

Ina da kawu, wan mahaifiyata, mahalbi ne a wajen Madécali. Abin alfaharinsa biyu ne: tsohuwar bindigar Turawa da ubansa ya bar masa, da takardar izinin farauta da yake sabuntawa kowace shekara ba fashi. Ba ya karanta ko harafi ɗaya na takardar, amma a leda uku yake naɗe ta. Ba ya shiga gandun dajin gwamnati, ba ya halbi idan an rufe lokacin farauta, kuma yakan ce tun da ya fara saɓa bindiga ma'aikacin gandun daji bai taɓa ɗaga masa murya ba. Sai tsufa ya taɓa masa ido. Gada za ta tsaya a gabansa cikin ciyawa, shi kuwa ya ga kututture. 'Yan'uwansa mahalba suka fara yi masa ba'a, wai zabin daji sun daina tashi idan sun ji takunsa.

Ranar wata Juma'a bayan masallaci ya zo gidana a kan kabu-kabu, da wani abu ƙunshe a tsohon rawani. Madubi ne na ɗaurawa a bayan bindiga, mai batir, ya samo shi a kasuwa wurin masu kayan gwanjo daga Kwatano. Idan ka leƙa ciki duk abin da ke da ɗumin jiki sai ya fito fari fat, ko a duhu ko a cikin ciyawa. Muka gwada shi a kan akuyar matata, ta fito kamar an zana ta da alli a baƙin allo. Kawu ya yi dariya irin wadda na daɗe ban ji ya yi ba. Sannan ya ce ba zai ɗaura shi ba sai ya ji daga bakin hukuma, abin da ya kawo shi ke nan, in raka shi ofishin gandun daji in yi masa tafinta.

A nan ne laifina yake, kuma ban taɓa gaya wa kowa shi cikakke ba. Babban ma'aikacin ofishin nan tsohon ɗalibina ne. Na taɓa rubuta a takardar sakamakonsa cewa kansa ba na karatu ba ne, a nema masa sana'a. Tunanin in zauna a benci ina jiran ya kira ni, in tambaye shi ya ba ni amsa, shi ne ya tsaya mini a wuya. Sai na shiga ɗaki na ciro wani ɗan littafin dokokin farauta da na saya tun ina makarantar horon malamai, na kaɗe shi, na sa tabarau, na karanta wa kawu a tsaye kamar ina gaban aji. An hana guba, an hana fitila, an hana cinna wa daji wuta, an hana bin dabba da mota. Babu inda aka ambaci madubi mai batir. Ina za a ambace shi, littafin ya girmi madubin da shekaru masu yawa? Na ga shekarar bugun a bango, na ɗora babban yatsa a kanta. Na shaida masa cewa abin da doka ba ta ambata ba, ba ta hana shi ba, kuma zuwa ofis ɓata man babur ne.

Ya dube ni ya ce, "Mushe, ka tabbata?" Na ce, "Kawu, wannan aikina ne."

Bai yi sati uku da ɗaura madubin ba masu sintiri suka tare shi da hantsi, a dajin da aka yarda a yi farauta, a lokacin da aka yarda, da takardarsa a aljihu. Duk wanda ya san yankinmu a shekarun nan ya san abin da ake tunani idan an ga mutum a bakin daji da bindiga mai ganin ɗumin jikin mutum. Ba zancen gada ake ba kuma, zancen 'yan ta'adda ake. Aka miƙa shi ga jandarma, ya yi kwanaki a tsare ana tambayarsa wa ya ba shi, wa yake yi wa aiki. Dattijon da ko faɗan kasuwa bai taɓa kai shi gaban hukuma ba.

Dole ta kai ni ofishin da na ƙi zuwa. Ɗalibin nawa yana ganina ya miƙe tsaye, ya ba ni kujerarsa, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya. Da ya wulaƙanta ni da na ji sauƙi. Ya ɗauko takardun da ake aiki da su yanzu ya nuna mini cewa irin wannan na'ura ba ta cikin kayan da izinin kawu ya ƙunsa, ya ce da mun zo da kafin shayi ya huce ya gaya mana. Shi ne ya tsaya ya ba da shaidar cewa ya san tsohon, har aka sake shi. Amma bindiga ba ta dawo ba, izinin ma an janye. Kafin in fita ya ce abu ɗaya ya ba shi mamaki: an yi ta tambayar kawu ko wani ya ce masa abin halal ne, ya dage cewa babu kowa, shi ya yanke wa kansa. Na ce lallai abin da mamaki. Na fito ban ƙara kalma ba, kuma wannan shirun shi ne laifina na biyu.

Da na je Madécali gaishe shi na tarar ya rame, yana zaune a gindin darbejiya yana gyaran ragar wani masunci don kada hannu ya zauna banza. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin in tambaye shi dalilin da ya sa bai ambace ni ba. Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ni bindiga na rasa, kuma da ma ido ya tafi. Kai idan aka ji, wa zai sake kawo maka takarda? Unguwa guda ce ba ta da mai karatu sai kai."

Ya rasu bayan damina biyu, bai sake shiga daji ba. Ɗansa na fari, wanda ya kamata bindigar kakansa ta koma hannunsa, yana gaishe ni da ladabi duk inda muka haɗu, bai san komai ba. Idan wannan rubutu ya kai gare shi, to yau ya sani.

Ga 'yan'uwa mahalba, ba zan ce muku ga abin da doka ta tanada a kan waɗannan madubai ba, na yi wannan sau ɗaya ya ishe ni. Dokar Benin daban, ta Nijar daban, ta Nijeriya daban, kuma ana sauya su. Kafin ku ɗaura wa bindiga abin da ba da shi aka ba ku izini ba, ku je ofis da ƙafarku ku tambaya. Ga irina kuwa, masu tabarau da tsofaffin littattafai, idan wanda bai yi karatu ba ya ce ku raka shi wurin hukuma, ku tashi ku raka shi. Kawu bai nemi fatawata ba. Rakiya ya nema, kuma ofishin bai fi tafiyar minti goma daga ƙofar gidana ba.