Goɗiyar da Ba Ta Shiga Wawaso Ba

Har yanzu in na ji ƙarar kofato a lungunmu sai in tsinci kaina a bayan ƙyaure. Kada ku yi mini dariya tukuna. Ni ce fa yarinyar da ta koyi tafiya tana dafa ƙafar doki.

Gidanmu yana Kusfa, kuma tun da na yi wayo akwai turaku a bayan ɗakin kakarmu, wadda muke ce wa Iya. Mijinta, Baba Tsoho, ya gaji wani irin dawaki daga mahaifinsa, 'yan Azbin, masu siririn wuya da ƙaramin kai da doguwar ƙafa. Ba don a gan shi a kai yake kiwonsu ba, irin yake tsaro kada ya ɓace. Bayan girbi rufin soro yakan cika da harawa, gidan duka ya ɗauki ƙanshinta. Da damina kuwa mu jikoki ne 'yan yankan ciyawa a gindin ganuwa, mu dawo ƙafafu duk ƙaiƙayi. Iya takan ƙulle mazarƙwaila a bakin mayafi ta riƙa ba su a ɓoye. In Baba Tsoho ya ce tana ɓata masa tarbiyya, sai ta ce, "Kai ka haife su?" Shi dokarsa guda ce: dokin gidanmu ba ya kai baki ga abinci sai an dafa goshinsa. Mu ma ya so ya ɗora mu a kan haka, bai ci nasara ba.

Bayan rasuwarsa dawakin suka yi ta raguwa har ya rage goɗiya ɗaya, ja. In ta tafi, irin ya ƙare, don ba mu san wani gida a birni da yake da shi ba. A farkon daminar bana ta tsinke igiya ta bi dawakin sake, waɗanda masu su suka gaza ciyarwa suka kora, suke yawo a bayan gari suna hayayyafa.

Makon jiya aka zo mana da labari cewa wasu fatake sun tattara dawakin saken a wani fili bayan Ƙofar Galadima, za su loda su zuwa inda ake yanka su. Babanmu ya yi tafiya. Baffana, ƙanensa, ya je ya dawo yana sosa ƙeya. Ya ce bai gane ta ba, dawakin duk sun rame, duk sun sha taɓo, jajayen ma da yawa. Fataken sun ce in ba a nuna tamu ba kafin la'asar, mota za ta tashi da ita.

Iya ba ta iya doguwar tafiya yanzu. Ta ƙulla mazarƙwaila a mayafinta ta yafa mini, ta ce, "Ki je ki tsaya kawai. Wadda ta zo ta shinshina, ita ce."

Abin da muka manta, ni da ita, shi ne da yawa cikin dawakin nan tsofaffin masu juya injin rake ne a ƙauyuka. Ƙanshin mazarƙwaila sun fi mu saninsa, ga kuma yunwa. Ina shiga filin suka yo kaina gaba ɗaya. Haƙora, numfashi mai zafi, ƙuda, ban ga sama ba. Na ji Baffa yana cewa, "Jefar da mayafin, ke!" Na jefar, na durƙusa na rufe kai. Kofaton wani baƙin ingarma ya wuce dab da kunnena, har iskarsa na ji.

Da na ɗago, suna can suna wawaso. Guda ɗaya ce a gefe, kunnuwa a miƙe, yawu yana zuba daga bakinta, amma ba ta motsa ba. Na ƙarasa wurinta, na dafa goshinta. Sai a lokacin ta sunkuya ta lashe ɓarɓashin da ya maƙale a tafin hannuna.

Babban fataken ya yi dariya ya ce wa Baffa, "Alhaji, wannan ta fi 'ya'yana ladabi. Ku ja abarku."

A gida abin da Iya ta fara tambaya shi ne, "Ina mayafina?"

Na ce, "Sun cinye, Iya."

Ta yi dariya har da hawaye, ni kuwa kukan gaske nake yi.

Yanzu inda turakun suke babura ne ke kwana, kuma yayyena sun faɗa ƙarara cewa ba su da lokacin harawa da kwashe kashi. Nakan tuna waɗanda motar ta tafi da su. Su ma ai kowanne ya taɓa zama na wani gida, kafin a gaji da shi. Baffa ya samo labarin wani ingarma ɗan Azbin a wajen Katsina, amma Babanmu da ya dawo ya ce ba za a kai goɗiyar wurinsa ba sai an sami mai kula da ita da abin da za ta haifa. Sai na ji bakina ya ce ni.

Kullum da safe daga nesa nake cilla mata harawa, sannan in miƙa hannu iya tsawonsa, idona a rufe. Iya tana zaune a ƙofar ɗaki tana cewa, "Matsa mana, ba kura ba ce." Yau na buɗe ido ɗaya.