Kawu Ibrah Bai Taɓa Balo Ba

A bakin kakata Hawa na fara jin sunan. Wani bijimi ya tsaya a ƙofar gida ya hana kowa wucewa, sai ta ce, "Kai Ibrah, ba mu hanya." Da na tambaya aka ce sunan kawuna ne, ƙanen innata, wanda ke Amurka.

Tun yana yaro Kawu ƙato ne. A kasuwar Baleyara shi ke tare shanu in ana loda su a mota, ya kafa ƙafa ya sa kafaɗa, ba mai ƙwacewa. Wani baffansa direba ya ɗauke shi zuwa Amurka karatu. A lakwal ɗin can, wato makaranta, suka ga ƙirjinsa, suka sa shi wasan balonsu na hannu, wato ƙwallon Amurka, har ya zama sana'arsa.

Wata shekara ya aiko da bidiyon wasa. Kaka ta dama fura, ta gayyato maƙwabta su ga ɗanta. Aka yi ta kallo har la'asar, Kawu bai taɓa balo ba ko sau ɗaya. Ya duƙa, ya ture wani ƙato, ya sake duƙawa.

"Hawa, ko dai ba su shiri da shi?" in ji Jummai maƙwabciyarmu.

Kaka ta sha kunya. Daga ranar, in ya bugo waya maganarta ɗaya ce: ya komo gida, tunda sun hana mishi abin wasan.

Ciwon gwiwa ne ya maido shi gida Filinge daga baya. Da Kaka ta sake tayar da zancen, ya yi dariya.

"Inna, in kin kai maruƙa rijiya, wa ke tare manyan shanu su samu su sha?"

"Mai ƙarfi."

"Shi yana shan ruwan?"

Kaka ta ce, "Ashe aikinka na Baleyara suka ba ka." Ta yafa mayafi ta nufi gidan Jummai, ko takalmi ba ta tsaya nema ba.

Yanzu yana noman hatsi wajen Damana, yana ɗan ɗingishi. Da ya ji ina tattara labarin zuriyarmu, ya kira ni ya ce, "Basiratu, ɗiyata, kada ki ƙara mini komi. Ki ce dai wanda ke bayana da balo bai cika faɗuwa ba."