Takardar da Baba Harish Bai Gama Ba

Da safen nan ina shirin fita aiki Mina ta kira ni. Mahaifinta, Baba Harish, ya rasu.

'Yan Greensboro ta nan Amurka kun san shi, dattijon nan ɗan Indiya mai shagon kayan miya a High Point Road, wanda ya riƙa ajiye kuka da daddawa saboda mu Hausawa. Shekara huɗu ina yi wa yaranmu lesin ranar Asabar a ɗakin bayan shagonsa. Shi ya sayo allo, shi ya kafa da hannunsa. In ya leƙo sai ya ce, "Sannu da aiki, Ticha." Iyakar Hausarsa ke nan.

Mina ita ce autarsa. Tun da mijinta ya rasu take kula da Baba, ita da 'yarta, wadda ɗalibata ce. Burinta ta koma gidan kakanninsu a Indiya ta zauna. Ta taɓa yi mini bayani cewa a wurinsu, mabiya addinin Hindu, in uba ya mutu bai bar wasiyya ba, yanzu doka ta ba 'ya mace rabo daidai da na ɗa namiji. Amma a danginsu, ana gama zaman makoki sai yayye su ajiye wa mace takarda ta sa hannu ta yafe nata. In ta ƙi, ta rasa 'yan'uwa. In ta sa, ta rasa gida.

Maganar uba ce kaɗai za ta hana yayyenta maza biyu fito da wannan takarda.

Shi kuwa Baba ya ƙi rubuta komai. Ya ce a gidansu ba a yi. Kakansa ya rubuta, bai kai mako ba. Ƙanin mahaifinsa ma haka. "Ticha, mutuwa tana iya karatu," in ji shi. "In ta ga sunanka a takarda, sai ta ɗauka kiranta kake."

Ni kuma da bakina na malanta na hana shi sakat. Na ce, "Haba Baba, camfi ne! Mu tun muna yara ake horonmu kada mu yi sakaci da wasiyya, ga mu nan da ranmu."

Asabar ɗin da ta wuce, bayan yara sun watse, ya shigo ya zauna a kan ɗan bencinsu. Ya ce in ba shi takarda. Na yago masa daga littafina. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu, ya daɗe yana kallona.

"In mutuwar ta zo, ke za ki yi mata bayani," ya ce. Muka yi dariya.

Mina ta ce ƙarfe bakwai ta kai masa shayi ta same shi zaune, biro a hannu, rai ya yi halinsa. Layi biyu ya rubuta: sunansa, sai nata. Babu sa hannu.

Ban iya zuwa aiki ba. Na je gidansu a Pleasant Garden, na dawo da azahar, na tarar fitilar na'urar ajiye saƙo ta wayar gida tana ƙiftawa. Na danna.

"Ticha, ni ne. Na fara. Ɗakin Mina na can Indiya da gonar da ke bayan gidan nata ne, kada kowa ya ba ta takarda. Ki zo ki zama shaida."

Na'urar ta ce saƙon ƙarfe tara na safen nan ya shigo.

An ɗauke wuta kwanakin baya, wataƙila agogonta ne ya rikice. Abin da nake ta faɗa wa kaina ke nan. Na san ajali ba ya jiran biro, amma takardar littafina ce.

Jibi yayyen Mina za su sauka. Na cire na'urar na naɗe ta a ɗankwali. Zan kai, in kunna musu muryar ubansu, in faɗi abin da na ji. Ya ce ni zan yi bayani, to zan yi.

Shi dai yana hannun Mahaliccinsa, wanda ya fi ni saninsa. Allah ya ba Mina da 'yarta haƙuri, ya tausasa zukatan yayyenta, ya tsare mata ɗakinta. Don Allah ku taya su da addu'a, ni ma ku sa ni, kada muryata ta yi rawa jibi.