Ƙwaryar 'Yardada da Aka Huda

Duk Shahuci babu gidan biki ko na suna da 'Yardada ba ta taɓa shiga da ƙwaryarta ba. Kiɗan amada take yi, wanda ta gada wajen mahaifiyarta Nana Hauwa. Ta gaji ƙwaryar ma, wata baƙa wuluk da hannu ya goge har tana sheƙi. A cika masaki da ruwa, a kifa ta a kai, iska ta tsaya a cikinta, 'Yardada ta sauke mata sanda. Ko mai ciwon gwiwa sai ta miƙe.

To, unguwa ta sauya. An rushe soraye an yi shaguna, biki ya koma ɗakin taro, wani yaro ya danna na'ura a ce wai an yi kiɗa. Tun bayan Sallah mutum ɗaya ce ta gayyace ta: Hajiya Bintu, matar Goni, mai aurar da autarta ranar Asabar. 'Yardada ta ƙudura za ta yi kiɗan da zai tuna wa mata hanyar gidanta.

Ana haka Nazeer ya zo, shugaban wata ƙungiyar samari masu cewa raya al'ada suke yi. A kiɗan 'Yardada aka kai uwarsa ɗaki.

"Iya, baje kolin kayan gargajiya za mu yi," in ji shi. "A ara mana ƙwaryar, duniya ta san da ke."

Bai ce ta zo ta kaɗa ba. Ƙwaryar suke so, ba mai ƙwaryar ba. Amma ɗan unguwa ne, kunya ta hana ta musu, ta ba shi.

Ranar Juma'a ta je wurin baje kolin karɓa. Ga ƙwaryarta can a bango, an shafe ta da man ƙyalli, an huda tsakiyarta an rataye da ƙusa. Ƙwaryar kiɗan ruwa fa! Wallahi ko akuya ba za ta yi wannan aikin ba.

"Wa ya huda ta?" ta tambaya.

"Ɗan ƙaramin rami ne, Iya. Kin ga mutanen da suka ɗau hotonta kuwa?"

"Nazeer, a cikin mutanen nan akwai wanda ya ji muryarta?"

Ya hau sosa ƙeya. Ta ciro abarta da kanta, ta fice ko sallama babu.

A gida ta toshe ramin da danƙo. Ranar Asabar tsakar gidan Hajiya Bintu ya cika maƙil, ta kifa ƙwarya ta fara. Ba ta kai ƙarshen waƙar farko ba danƙon ya fita, iska ta fice, ƙwaryar ta yi ɓul-ɓul ta nutse. Wata yarinya ta tuntsire da dariya, wata ta ce a kunna sifika kawai, aka kunna.

'Yardada ta ajiye sanda. Ta tsamo ƙwaryar, ruwa yana tsiyaya ta ramin yana jiƙa mata zane. Mata suna ta rawa a gefenta.

Washegari Nazeer ya aiko a tambaye ta, in ta gama da ƙwaryar ko za ta bar musu ita, tunda ga ƙusar nan a bango.