Gudun Dabo zuwa Watari

Dabo ɗan koli ne a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, allura da zare da madubi yake kaiwa kasuwa-kasuwa. Tun da Allah ya yi shi ba a taɓa ganinsa yana tafiya irin ta mutane ba, kullum sassarfa, kaya a ka. Mata a bakin rijiya sukan ce, "Dabo, wa ya biyo ka?" Sai ya ce, "Talauci ne, kuma ya kusa kamo ni." Mutum ne siriri, ba ƙiba ba kyan gani, amma wallahi ƙafar nan tasa baiwa ce.

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, rumbuna suka zama wayam, aka sayar da jakuna, maza suka watse neman abin kai wa baki. Mota kuwa sai ranar kasuwa. A cikin wannan hali Inna Kaltume, maƙwabciyar Dabo, ta cika da asuba. Ɗa guda gare ta, Khalilu, yana can Watari yana ƙwadago a gonar rani, kuma ta sha faɗa cewa shi take so ya sa ta a kabari da hannunsa. Liman ya ce zafi ya yi yawa, ba zai riƙe gawa ya wuce la'asar ba.

Dabo bai jira a roƙe shi ba. Ya ɗaure wando, ya rataya gorar ruwa, ya yanki daji. Bai bi hanyar mota ba, ta 'yan koli ya bi, ta cikin gonaki da busasshen rafi, ya hau tudun duwatsu ya gangara, ya sake hawa wani. Takalmin taya ya tsinke masa a hawa na biyu, ya jefar da shi ya ci gaba. Rana ta take tsaka lokacin da ya hango koren Watari.

Ya tarar da Khalilu cikin taɓo yana ban ruwan tumatir. To, ka san al'ada, ba a doka wa mutum labarin mutuwa a fuska. Dabo ya yi sallama, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, numfashi na neman ƙwace masa, sannan ya ce, "Jikin Inna ne ya ɗan matsa, an ce ka zo."

Khalilu ya ce, "Allah ya sawwaƙe. Yau layin ruwanmu ne, in na bari sai bayan kwana huɗu, mai gona kuma zai kore ni. Ka huta, gobe da sassafe mu tafi."

Kai, Dabo ya ji kamar ya kwanta ya yi birgima don takaici. Ya sha wannan tafiya, ga ladabi zai ɓata masa aiki. Ya dubi rana, ya dubi yaron mutane, ya ce, "Khalilu, ka yafe mini, ban iya kwana-kwana ba. Inna ta rasu. La'asar za a kai ta."

Fartanya ta faɗi daga hannun Khalilu. Mai gonar, mutumin kirki, ya turo masa kekensa. Sai dai Khalilu bai san hanyar yanke ba, ta mota kuwa ba za ta kai shi kafin magariba ba. Dabo ya kurɓi ruwa, ya yagi gefen rigarsa ya naɗe tafin ƙafa, ya ce, "Biyo ni."

Haka suka juyo, Dabo a gaba yana gudu, Khalilu a baya kan keke yana kuka. In sun shiga yashi su tura, in sun zo dutse Dabo ya kama gaban keken su ɗaga tare. A kan tudu na ƙarshe ƙafafun Dabo suka ƙi. Ya zube a gindin wata ƙaya, ya nuna da hannu ya ce, "Ga rimin garinmu can. Tafi, kar ka waiwaye ni."

An riga an daidaita sahu Khalilu ya faɗo da keke. Ya yi alwala, aka yi salla da shi, shi ya shiga kabari ya karɓi uwarsa.

Dabo bai sami jana'izar ba. Rana na faɗuwa ya shigo gari yana dogara kara, tsumman ƙafarsa ya rine da jini. Mutane suka taso daga zaman makoki suna yi masa sannu, aka miƙo masa ruwa, ya ture kwanon.

Ya ce, "Ya same ta?"

Liman ya ce, "Ya same ta, Dabo."

Sai a lokacin ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannu biyu, ya yi wa maƙwabciyarsa kuka.