Surin da Shef Laminu ya ƙi kashewa

Har gobe ranar da muka fasa surin Gabi ba za ta fita raina ba. A bazarar 1974 ne, fari ya gama cinye shanun mutane, ni kuma ina ƙaramin malamin gona a Madarumfa. Aikina raba iri da fesa magani. Shugabanmu na yanki shi ne Shef Laminu, siririn mutum mai ƙarancin magana, wanda ya yi karatun ƙwari a waje. Ku yaran yanzu da ba ku sauka daga mota sai an shimfiɗa muku tabarma, da kun ga Shef da kun sha kunya.

A Gabi muna da mangaza, wato ɗakin ajiya, inda muka tara irin gyaɗar da za a raba wa manoma in ruwa ya sauka. Gara ta shiga ta fara cin buhuna. Umarni ya zo daga Maradi cewa duk surin da ke kusa da mangaza a zuba masa hodar guba. Suri ɗaya ne a wurin, ƙato, ya fi ni tsawo, a gefen gonar wani dattijo, Baba Nomau.

Muna sauke hodar sai ga dattijon da tukunya a hannu. Fari ya kashe masa komai, saura zabi kawai, kuma ba shi da tsabar da zai watsa musu. Kullum yakan cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da kara, ya yayyafa ruwa, ya kife ta a gindin surin. Da safe gara ta cika ta, sai ya juye wa zabin. Ƙwan da za su yi da damina shi yake jira don jikokinsa.

Ya ce wa Shef, "Mushe," wato maigida da Faransanci, "in kunka zuba wagga hoda, zabina sun mutu. Ko su ci gara mai dahi, ko su rasa ta ci."

Shef ya ce, "Baba, bari mu duba tukuna." Ƙa'idarsa ke nan, ba ya zuba magani a abin da bai buɗe ya gani ba.

Ya karɓi diga ya fasa gefen surin da kansa, a hankali, har ya kai wani ɗan ɗaki. Ya zaro wani abu mai ramuka kamar soson wanka, da ɗumi da danshi, cikin wannan ƙuna ta bazara. Ya miƙo mini gilashin ƙara girma. A jikin abin na ga wasu fararen ƙwayoyi, ba su kai ƙwayar gero ba.

Ya ce, "Sani, gona ce kake riƙe da ita."

Ya bayyana mana cewa wannan garar ba ta iya narkar da busasshen kara ita kaɗai. Takan kwaso shi, ta tauna, ta gina wannan soson, ta shuka masa wata irin funfuna, dangin naman kaza. Funfunar ke tausasa karan, ta kuma fid da fararen ƙwayoyin da gara ke ci. Masana na kiransu mikotet. Ya ce a ƙasashen Amurka akwai tururuwar da ke yanko ganye ta yi irin wannan noman, abin da take girba kuma sunansa gongilidiya. Shekaruna a aiki ban ƙara jin kalmomin nan biyu a bakin kowa ba, amma sun zauna mini daram.

Baba Nomau ya daɗe yana kallon ƙwayoyin, ya ce, "Ikon Allah! Mu munka shuka ba mu girba ba, su ko ga tasu ta yi."

Shef ya mayar da soson, ya toshe wurin da laka. Ya ce tunda kara da zaren buhu take nema don gonarta, sai a nisanta mata buhu a kusanta mata kara. Wuni guda muka yi muna ɗora buhunan a kan katakon da muka aza bisa duwatsu, muka zagaye duwatsun da toka da baƙin man mota. Shef ya roƙi Baba Nomau ya ƙara tukwane, ya jera su a bayan surin, nesa da mangaza. Hodar kuwa muka koma da ita ko buɗewa ba mu yi ba. Ƙin umarnin Maradi kuwa a lokacin ba wasa ba ne.

Kafin rabon iri mai duba aiki ya zo daga Maradi, ya tarar da suri tsaye. Ransa ya ɓaci, ya tambayi wanda ya hana.

Shef ya ce, "Ni ne. Shiga ka juya buhunan. In ka ga wanda gara ta taɓa bayan zuwanmu, ka rubuta a canza mini wurin aiki."

Mutumin ya shiga, ya juya, ya fito da ƙura a riga bai sami komai ba. Duk da haka sai da ya ja wa Shef kunne a gabanmu.

Da ruwa ya sauka muka koma rabon iri. Baba Nomau ya tare mu da ƙwarya cike da ƙwan zabi, jikokinsa na biye da shi. Shef ya ɗauki ɗaya kawai, ya ce sauran na masu gida ne.

A nan na gane cewa aikinmu ba kashe ƙwari ba ne, tsare abincin mutane ne. Tun daga ranar, duk inda aka aike ni da hoda, diga nake fara saukewa daga mota.